Fitilar da ke cewa lafiya lau: fashin baƙi kan sabunta manhajar sa ido da na'urar gargaɗinta

A ɗakin da masu rubuta manhaja suke aiki tare, sau da yawa akan ga wata 'yar fitila a kan tebur ko a jikin bango, wani lokaci haɗe da ƙaramar jiniya, an jona ta da kwamfuta ta wayar USB. Muddin tana kore, kowa ya san aikin da aka haɗa yana tafiya daidai. Da zarar ta koma ja, ko jiniyar ta yi kuka, an san cewa wani ya shigar da canjin da ya ɓata aikin, kuma gyaransa ya sha gaban duk abin da ake yi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ita fitilar ba ta san komai game da aikin ba. Abin da aka gaya mata kawai take nunawa, kuma saƙon yana bi ta hannuwa huɗu ko biyar kafin ya iso gare ta, kowane hannu da manhajarsa, kowanne kuma masu shi suna sabunta shi a lokacin da suka ga dama ba tare da sun shawarci sauran ba. Saboda haka sabunta irin wannan kayan aiki yana da wata sarƙaƙiya da ba a samu a sabunta manhajar rubutu ko ta kallon hoto, kuma ita nake son in warware.

Da farko sai a san abin da ake sa wa idon. Mutane da yawa suna rubuta sassa daban-daban na manhaja ɗaya, kowa yana tura nasa zuwa rumbu guda. Duk lokacin da aka tura sabon canji, wata uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, tana ɗauko rubutun gaba ɗaya, ta harhaɗa shi ya zama manhaja mai aiki, sannan ta gudanar da gwaje-gwajen da aka tanada domin a ga ko canjin ya taɓa wani abu da ke aiki a da. Wannan zagaye na harhaɗawa da gwaji shi ne za mu riƙa kira gini, domin da sunan da masu sana'ar suke kiransa ke nan a Turance. Gini yakan ƙare da ɗaya daga sakamako kaɗan: ya yi nasara, ya faɗi, ya harhaɗu amma wasu gwaje-gwaje ba su wuce ba, ko an katse shi a tsakiya. Dabarar ta yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2001 ma'aikatan kamfanin ThoughtWorks suka fitar da CruiseControl, ɗaya daga cikin manhajojin farko da suka mayar da wannan aiki na kai-tsaye. Bayanta Kohsuke Kawaguchi ya rubuta Hudson yana aiki a Sun Microsystems, kuma a 2011, bayan Oracle ta sayi Sun, mafi yawan masu aikin suka ɓalle suka ci gaba da sunan Jenkins. Yau akwai wasu masu yin irin wannan aiki, kamar TeamCity, Bamboo, GitLab, Azure DevOps, GitHub Actions da sauransu.

Tun farko aka gane cewa sakamakon gini ba shi da amfani idan yana kwance a wani shafi da babu mai buɗewa, ko a cikin wasiƙar imel da ta nutse cikin ɗaruruwan 'yan uwanta. Shi ya sa aka fara ƙirƙiro abubuwan da ido ba zai iya kauce musu ba. A farkon shekarun 2000 wasu sun yi amfani da fitilun ado guda biyu masu narkakken kaki a ciki, ɗaya kore ɗaya ja, wasu suka rataya fitilar kan hanya ta gaske a ofis, daga baya kuma ƙananan fitilu da jiniyoyi masu jonuwa ta USB suka shigo kasuwa. Tunanin ya yi kama da tsarin andon na masana'antun Toyota, inda ma'aikaci yake jan igiya idan ya ga matsala, allo ya haska, kowa ya san inda abin yake. Sharaɗin amfanin irin wannan alama ɗaya ne: mutane su yarda da ita har su daina zuwa dubawa da kansu. To amma ranar da suka daina dubawa, daga ranar duk kuskuren da fitilar ta yi ya zama kuskuren kowa.

Hannuwan da saƙon ke bi su ne waɗannan. Akwai uwar garken da ke yin ginin, wadda take da wata ƙofa ta musamman da ake kira API, inda wasu manhajoji suke aiko da tambaya su karɓi amsa. Akwai manhajar sa ido, wadda take zaune a kwamfutar ma'aikaci ko a wata ƙaramar kwamfuta da aka ware, tana tambayar uwar garken lokaci-lokaci tana fassara amsar. Akwai babbar manhajar kwamfutar, wato Windows ko macOS ko Linux, tare da direba, wato ƙaramar manhajar da ke magana da ƙofar USB. Sai kuma ƙaramar manhajar da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwar na'urar gargaɗin kanta, wadda take karɓar umarni ta kunna launi ko sauti. Wanda ya rubuta manhajar sa idon yana da iko a kan ɗaya ko biyu kawai daga cikin waɗannan. Sauran duk na wasu ne, kuma mafi yawan sabuntawar da yake fitarwa martani ne ga canjin da wasu suka yi.

Wannan shi ne abin da masu cewa a bar abin da ke aiki kada a taɓa shi suke mantawa. Manhajar sa ido tana iya zama shekara uku babu wanda ya canza harafi ɗaya a cikinta, amma ta wayi gari ba ta aiki, domin duk abin da take dogaro da shi ya canza. A watan Fabrairun 2018 kamfanin GitHub, wanda masu rubuta manhaja suke ajiye rumbun aikinsu a wurinsa, ya daina karɓar tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo na TLS 1.0 da 1.1, don haka duk manhajar da ba ta iya sabuwar hanyar ba aka rufe mata ƙofa. A watan Nuwamban 2020 kamfanin ya daina yarda a shiga API ɗinsa da kalmar sirri, sai da makulli na musamman da ake ƙirƙira don wannan aiki. A ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar takardar shaida mai suna DST Root CA X3, wadda takardun Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba shafukan intanet takardun shaida, suka daɗe suna jingina da ita, ya ƙare, kuma tsofaffin na'urori da manhajoji da dama suka ƙi amincewa da shafukan da babu abin da ya same su. A 2018 Microsoft ta sauya sunan Visual Studio Team Services zuwa Azure DevOps tare da sabon adireshi, a 2021 kuma aka rufe shafin gini na travis-ci.org aka mayar da masu amfani da shi travis-ci.com. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi fitila ko jiniya kai-tsaye, amma kowanne ya isa ya yanke saƙon da ke zuwa gare su.

Akwai canje-canje masu wuyar ganewa fiye da waɗannan, domin ba sa yanke saƙon, ma'anarsa suke sauyawa. Jenkins misali ne mai kyau. Tun zamanin Hudson alamar nasara a cikinta shuɗiya ce, abin da ake dangantawa da cewa a harshen Japan fitilar hanya mai ba da izinin wucewa da sunan shuɗi ake kiranta. An sauya kamannin alamomin a fuskar shafin daga baya, amma amsar da API ke bayarwa ta ci gaba da ɗauke da kalmar da ke nufin shuɗi a matsayin nasara, tare da wani ɗan ƙari a ƙarshen kalmar idan ginin yana cikin gudana. Dole manhajar sa ido ta san wannan ƙamus ɗin, ta kuma san na kowace uwar garke da take hulɗa da ita, domin abin da wannan take kira gini mai rauni, wato wanda ya harhaɗu amma wasu gwaje-gwaje ba su wuce ba, wata ba ta da suna gare shi sam. Haka kuma tsarin rahoton nan na cctray da aka gada daga CruiseControl, wanda manhajojin sa ido da yawa suka dogara da shi: ya daɗe yana cikin Jenkins kanta, daga baya aka cire shi aka mayar da shi ƙari da sai an girka. Wanda ya sabunta uwar garkensa bai girka ƙarin ba, manhajar sa idonsa za ta je adireshin da ta saba ta tarar babu kowa.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce: me fitilar take yi idan hakan ta faru? Akwai hanyoyi uku da mai rubuta manhajar zai iya bi. Yana iya barin fitilar a kan launin ƙarshe da ta nuna, yana iya mayar da ita ja, ko kuma ya ware wata alama ta daban mai nufin cewa labari ya yanke. Hanya ta farko ita ce mafi sauƙin rubutawa, domin ba ta buƙatar a yi komai, kuma ita ce mafi haɗari. Idan ginin ƙarshe da aka gani ya yi nasara, fitilar za ta zauna kore kwana da kwanaki alhali gini yana faɗuwa, kuma babu mai zargin komai saboda kore shi ne launin da ba ya sa mutum ya tashi daga kujerarsa. Hanya ta biyu ta fi aminci amma tana koya wa mutane raina jan launi, tunda duk ƙaramar tangarɗar intanet za ta kunna shi. Ta uku ce daidai, kuma a ganina duk manhajar sa idon da ba ta da alamar "ban sani ba" ba ta kammala ba, komai yawan abubuwan da aka cusa mata.

Masu nazarin haɗurran masana'antu sun daɗe da sanin wannan darasi daga wuri mafi tsanani. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul na rage matsin ruwa ya buɗe kamar yadda ya kamata, amma ya maƙale bai rufe ba. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa ta nuna wa ma'aikata abin da suka fahimta a matsayin rufewa, alhali abin da take nunawa shi ne an aika umarnin rufewa, ba ainihin halin da bawul ɗin yake ciki ba. Ruwan sanyaya ya yi ta zuba sama da awa biyu kafin a gano. Ginin manhaja ba tashar nukiliya ba ne, kuma ba na son in kambama abin, amma siffar kuskuren ɗaya ce: alama tana ba da labarin abin da aka gaya mata, mai kallo kuma yana ɗauka labarin abin da ke faruwa ne.

Maganin wannan a ɓangaren na'urar shi ne a sa mata agogon tsaro a cikin manhajarta. Manhajar sa ido tana aika mata ɗan saƙo a kai a kai, ko da babu sabon labari, kamar bugun zuciya. Idan wani adadin daƙiƙu ya wuce saƙon bai zo ba, na'urar da kanta take barin launin da take kai ta koma alamar rashin labari, misali walƙiya a hankali cikin wani launi na daban. Amfanin sa wannan hukunci a cikin na'urar shi ne, yana aiki ko da manhajar da ke kwamfuta ta daskare, ko kwamfutar ta yi barci, ko wata sabuntawa ta sake kunna ta cikin dare manhajar ba ta tashi ba. Amma a nan ne kuma sabuntawa take nuna sarƙaƙiyarta, domin bugun zuciyar yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu. Idan sabuwar sigar manhajar ta tsawaita tazarar saƙon daga daƙiƙa 10 zuwa 60, tsohuwar na'ura mai jiran daƙiƙa 30 za ta riƙa faɗawa alamar rashin labari kowane minti. Idan kuma na'urar aka sabunta aka bar manhajar tsohuwa wadda ba ta san bugun zuciya ba, sakamakon ɗaya ne. Shi ya sa ya kamata manhajar, duk lokacin da aka jona na'urar, ta fara tambayarta lambar sigar da take ɗauke da ita, ta yi mata magana da yaren da ta sani, ko ta faɗa wa mai amfani a fili cewa su biyun ba su dace ba.

Sabunta manhajar cikin na'ura aiki ne da ya bambanta da sabunta ta kwamfuta ta fuskar abin da ke biyo bayan kuskure. Idan girka manhaja a kwamfuta ya katse, sai a sake. Idan rubuta sabuwar manhaja a ƙwaƙwalwar na'ura ya katse a tsakiya, saboda an zare waya ko wuta ta ɗauke, ana iya barin na'urar da rabin tsoho rabin sabo, ba ta iya tashi balle ta karɓi gyara. Masu ƙera na'urori masu hankali suna kauce wa wannan ta hanyar ware wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwar da ba a taɓa shi yayin sabuntawa, wanda aikinsa kawai shi ne tayar da na'urar da karɓar sabon rubutu, ta yadda ko an yi ɓarna za a iya sake gwadawa. Akwai ma ƙa'ida ta musamman a tsarin USB don wannan aiki, mai suna DFU. Na'urorin da suke da wadataccen wuri sukan ajiye siga biyu: a rubuta sabuwar a gefe, a tabbatar ta iso cikakkiya ta hanyar lissafin tantancewa, sannan a koma kanta, idan kuma ta kasa tashi a dawo tsohuwar. Ƙananan fitilu masu araha da yawa ba su da wannan wuri, wasu ma ba a iya sabunta su kwata-kwata, kuma wannan ba lallai aibi ba ne. Na'urar da aikinta bai wuce karɓar launi uku da sauti ɗaya ba tana iya shekaru ba ta buƙaci canji ba, kuma abin da ba a iya rubuta masa sabon umarni ba a iya lalata shi ta wannan hanya. Ra'ayina shi ne kada a taɓa sabunta manhajar cikin na'ura a ɓoye. A sanar da mutum, a gaya masa kada ya zare wayar, a kuma yi hakan ne kawai idan akwai dalilin da za a iya faɗa.

Tsakanin manhajar da na'urar akwai direba, kuma shi ma yana da masu shi. Yawancin fitilun gargaɗi suna gabatar da kansu ga kwamfuta a matsayin na'urar rukunin HID, rukunin da allon rubutu da linzamin kwamfuta suke ciki, saboda kowace babbar manhaja tana da direban wannan rukuni tun asali. Wasu kuma suna amfani da ƙwayar lantarki mai mayar da USB tsohuwar ƙofar siriyal, waɗannan suna buƙatar direban kamfanin da ya ƙera ƙwayar. A watan Oktoban 2014 kamfanin FTDI na Sikotilan ya fitar da sabon direba ta hanyar Windows Update wanda, idan ya gano ƙwayar jabu ce, yake mayar da lambar shaidarta sifili, sai kwamfuta ta daina gane na'urar. Mutane da yawa da abin ya shafa ba su san akwai jabu a cikin kayan da suka saya ba, kuma bayan ƙorafi ya yi yawa aka janye direban. Abin lura a nan shi ne, waɗannan na'urori sun daina aiki ba tare da mai su ko mai ƙera su ya taɓa komai ba. Ƙananan irin wannan suna faruwa kullum: tsarin tanadin wuta na Windows yana iya sa ƙofar USB barci, sabuwar sigar Linux tana iya buƙatar a sake rubuta ƙa'idar udev da ke ba manhajar izinin taɓa na'urar, macOS kuma tun daga Catalina a 2019 tana neman manhajar da aka sauko da ita daga waje ta kasance Apple ta tantance ta.

Wani wuri da sabuntawa take yin ɓarna ba da niyya ba shi ne yawan tambaya. GitHub tana ba wanda bai shiga da makulli ba tambaya 60 a awa, wanda ya shiga kuma 5,000. A ce ƙungiya tana sa ido a kan ayyuka 20, kowanne da tambaya ɗaya duk daƙiƙa 30: wannan tambaya 2,400 ke nan a awa, babu matsala. Idan sabuwar siga, don son gaggauta labari, ta rage tazarar zuwa daƙiƙa 10, adadin ya zama 7,200, kuma kafin minti 42 na kowace awa kason ya ƙare, sauran lokacin manhajar tana cikin duhu. Gyaran da ya dace shi ne tambaya mai sharaɗi, inda manhajar take cewa a ba ta amsa ne kawai idan wani abu ya canza tun tambayarta ta baya, ko kuma a juya tsarin gaba ɗaya ta yadda uwar garken ce za ta aiko da labari da kanta idan gini ya ƙare. Hanya ta biyu ta fi sauri, amma tana dawo da matsalar da muka tattauna, domin shiru yana iya nufin babu sabon abu, yana kuma iya nufin hanyar ta toshe.

Batun tsaro yana buƙatar a tsaya a kansa, saboda ana yawan ɗaukar manhajar sa ido kamar abin wasa. Manhaja ce da take riƙe da makullin shiga uwar garken gini, kuma uwar garken gini tana cikin wurare mafi daraja ga mai kutse, tunda abin da ya fito daga cikinta shi ake aika wa abokan ciniki da sa hannun kamfani. A watan Disamban 2020 aka gano cewa masu kutse sun shiga tsarin ginin kamfanin SolarWinds suka cusa mugun rubutu a cikin sabuntawar manhajarsa ta Orion, kuma kamfanin ya ce abokan ciniki kusan 18,000 ne suka sauke ta. A watan Yunin 2017 mugun shirin NotPetya ya bazu daga Yukren ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc. A duka biyun, ƙofar da aka bi ita ce wadda mutane suka fi amincewa da ita. Abin da wannan yake nufi ga ƙaramar manhajar sa ido a bayyane yake. Makullin da aka ba ta ya zama na karatu kawai, wanda ba ya iya tayar da gini ko canza saiti. Ta ajiye shi a ma'ajiyar sirri ta babbar manhaja, kada ya zauna a fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa. Ita kuma kada ta girka wata sabuntawa, tata ko ta na'ura, sai ta tabbatar da sa hannun dijital na wanda ya fitar da ita. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci ga na'urar rukunin HID, domin a 2014 Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat cewa na'urar USB da aka sauya wa manhajar ciki tana iya gabatar da kanta a matsayin allon rubutu ta riƙa buga umarni a kwamfuta.

To shin a bar manhajar ta riƙa sabunta kanta, ko a riƙe ta sai an duba? Babu amsa ɗaya da ta dace da kowa, amma akwai rarrabewa mai amfani. Gyaran ramin tsaro da gyaran da ya biyo bayan canjin uwar garke ba sa jira, domin jinkirinsu yana nufin ko dai ƙofa a buɗe ko fitila makauniya. Sabbin abubuwa kuwa, kamar sabon sauti ko sabuwar fuska, suna iya jira har a ga yadda suka yi wa wasu. Jenkins kanta tana tafiya a kan wannan rarrabewa: tana fitar da siga kowane mako ga masu son sabo, da kuma wani layi mai dogon tallafi da ake zaɓar masa sabon tushe duk mako 12. Tsarin lambobi uku na siga, wanda Tom Preston-Werner ya tsara ƙa'idarsa, yana taimakawa idan mai manhajar yana bin sa da gaske: canjin lamba ta uku gyara ne kawai, na ta biyu ƙari ne da ba ya ɓata tsoho, na ta farko kuma gargaɗi ne cewa wani abu da aka saba zai daina aiki. Idan ƙungiya tana da fitilu da yawa, hankali shi ne a fara da ɗaya a bar ta kwana biyu. Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows da Microsoft ta ƙiyasta sun kai miliyan 8.5, ya nuna abin da ke faruwa idan aka tura canji ga kowa a lokaci guda.

Akwai kuma saitin da mutane suka yi da hannunsu, wanda sabuntawa take yawan sharewa. Ƙungiya ta zauna ta yanke cewa jiniya za ta yi kuka ne kawai idan babban reshe, wato ainihin kwafin aikin da kowa yake haɗa nasa a ciki, ya koma ja daga kore, sau ɗaya, na daƙiƙa kaɗan, kuma ba bayan an tashi aiki ba. Wannan shawara ce da aka cimma bayan an sha wahala, domin jiniyar da take kuka a kan kowane reshen gwaji, ko a kan gwajin nan da yake faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an canza komai ba, ƙarshenta a zare ta a jefa a aljihun tebur. Idan sabuwar siga ta sauya tsarin fayil ɗin saiti ba ta kwashe tsohon zuwa sabon ba, komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta, sai ƙarar ta dawo, kuma yardar da aka ɗauki watanni ana ginawa ta rushe cikin mako guda. Haka batun launi: kimanin kashi 8 cikin 100 na maza masu asalin arewacin Turai, da wani kaso mafi ƙanƙanta a sauran al'ummomi, ba sa bambance ja da kore sosai, don haka ƙungiyar da ta saita faɗuwar gini ya zo da walƙiya ba don ado ta yi ba. Ya kamata sabuntawa ta ajiye kwafin tsohon saiti kafin ta taɓa shi, domin komawa tsohuwar siga ba ya yiwuwa idan sabuwar ta riga ta mayar da fayil ɗin abin da tsohuwar ba ta iya karantawa.

Bayan an gama sabuntawa, ganin fitilar ta kunna kore ba ya tabbatar da komai, tunda kore shi ne abin da take nunawa ko tana gani ko ba ta gani. Gwajin da ya kamata a yi shi ne a tilasta mata faɗin labari mara daɗi. A ware wani ƙaramin aiki a uwar garken wanda babu amfaninsa sai wannan, a ɓata shi da gangan, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin launin ya canza da kuma ko jiniyar ta yi kuka sau ɗaya kamar yadda aka saita. A gyara shi a ga ko ta dawo. Sannan a zare wayar intanet, a ga ko alamar rashin labari ta bayyana cikin lokacin da aka yi alkawari. A soke makullin shiga a ga ko manhajar za ta faɗa a fili cewa an hana ta shiga. A rufe manhajar gaba ɗaya a ga abin da na'urar za ta yi ita kaɗai, a zare ta a sake jonawa a ga ko za a gane ta ba tare da an sake kunna kwamfuta ba. Duk wannan ba ya wuce minti 15, kuma ya kamata a maimaita shi bayan sabunta kowane ɗaya daga cikin hannuwan nan, har da uwar garken da babbar manhajar kwamfutar da fitilar take jone da ita.